Neman Kabarin Inna a Gaɓar Lit

Tashi daga Hindawiyya

Ba a kira assalatu ba na isa ƙofar gidan surukata Hajiya a unguwar Hindawiyya ta Makka, rungume da darduma da filas ɗin shayi. Na tarar tuni Hajiya na zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ta yi lulluɓi, jakarta a cinya. Matata Zainabu ta ce tun jiya da la'asar ta gama shiri, ita ta hana kowa sakat. Direbanmu kuwa, ƙanin Zainabu, Abdul'aziz da kowa ke kira Azuz, sai da aka yi ta buga masa waya kafin ya sauko yana hamma, da gajeren wando da takalmin soso.

Ga waɗanda ba su san ni ba a gida, sunana Sabo, mutumin Rano. Tela ne ni a unguwar Zahir, na haura shekara ashirin a Makka. A duk zaman nan ban taɓa taka bakin teku da ƙafata ba, alhali tsakaninmu da shi bai fi tafiyar awa guda da 'yan kai ba. Ta tagar jirgin sama nake hango shi in za ni gida. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Yawancin mutanenmu na nan daga gida sai shago sai Harami, in an yi nisa a je Madina.

Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Hajiya tana ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Gobir da niyyar Hajji, a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna aikatau a Chadi da Sudan, har suka kai bakin Bahar Maliya tana 'yar bakwai ko takwas. Suka shiga sambuk, wato jirgin ruwa na katako da iska ke turawa. A cikin jirgin zazzaɓi ya kama mahaifiyarta. Aka sauke su a wata gaɓa da ba gida ba rijiya, washegari ta cika, aka rufe ta a wurin. Mahaifin ya kama hannun 'yarsa suka ƙaraso Makka. Ya rasu da jimawa, bai taɓa komawa ba, abin da ya bari kawai shi ne cewa wurin wajen garin Lit ne, kudu da Jidda.

Yanzu idon Hajiya na tafiya. Likita ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma magani rage masa sauri kawai yake yi. Ta ce kafin ya ƙarasa tana so ta ga inda aka rufe Innarta, ta tsaya a kai ta yi mata addu'a. Alama ɗaya ta riƙe, kuma tun Zainabu na goye take ba da labarinta: wuri ne da bishiyoyi suka tsiro a tsakiyar ruwan gishiri, raƙuma na shiga har gwiwa suna cin ganyensu. Duk wanda ya ji a unguwa sai ya riƙe baki ya ce ikon Allah, ai irin wannan wuri ba zai yi wuyar samu ba. Ni ma haka na ce. Bishiya a cikin teku ai ba za ta zama biyu ba.

Muka yi sallar asuba a masallacin layi, muka shiga mota. Nan na fara gane abin da na ɗauko wa kaina. Shekara ashirin ina gaishe da Hajiya a durƙushe daga bakin ƙofa, ban taɓa cin ko dabino a gabanta ba, yau ga ni za mu kwana biyu a tafe cikin mota ɗaya. Na zauna gaba na ƙanƙame jikina. Azuz, da yake abokin wasana ne, ya dube ni ya ƙyalƙyale, ya kira ni da alkunyar sunan 'yata irin ta Larabawa.

"Ya Abu Hafsa, saki jiki, ummi ba ta cizo."

"Kama sitiyarinka, ɗan Larabawa," na ce masa.

Kafin shingen bincike na bakin gari ya juya yana yi wa mahaifiyarsa bita da Hausarsa mai gauraye. "Ya ummi, in askari ya tambaya, tamshiya za mu, yawo kawai, halas. Ba maganar kabari, ba maganar ziyara. Wasu ba sa so."

Hajiya, wadda har yau bakinta na Gobir bai gusa ba, ta ce, "Ni ban sako ƙarya cikin kayana ba."

"Ba ƙarya ba ce. Za ki ga bahar ko ba za ki gani ba?"

Ashe duk wahalar banza ya yi. Askarin ya duba iƙamominmu, wato katunan izinin zama, ya leƙa ya ga tsohuwa, ya ce, "Ki sa mu a addu'a, ya hala," wato gwaggo, ya ɗaga mana hannu.

Shu'aiba

Daga Makka zuwa Shu'aiba kimanin kilomita casa'in ne, hanya lafiya lau, duwatsu na raguwa har ƙasa ta baje ta zama fili fetal. A wani gidan mai muka sayi gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake. Su uku suka ci a mota, ni na zagaya baya na ci nawa a tsaye, ina jin Azuz yana cewa a ajiye wa ango nasa.

Rana ta ɗan ɗaga muka gangara wata hanyar ƙasa, sai ga teku. Jama'a, hoto bai faɗi komai ba. Kusa da ƙafarka ruwan garau yake, kana ganin yashi da ƙananan kifaye. In ka ɗaga ido ya zama kore-kore, can ya zama shuɗi irin na baba, daga nan kuma babu sauran komai sai sama. Iskar da ɗanɗanon gishiri, tana manne wa mutum a fata. Ƙaguwoyi masu launin yashi suna ta gudu a karkace suna faɗawa ramukansu. Can cikin ruwa akwai wani tsohon jirgi da ya kife ya yi tsatsa, samari sun kafa tanti daura da shi suna jefa ƙugiya. Na tsaya na yi ta tasbihi, na ma manta da wa nake tare.

Daga arewa ana hango dogayen bututun hayaƙi. Azuz ya ce nan ake tace ruwan teku a tura mana Makka. Hajiya, da tun saukarta daga sambuk ta yi rantsuwa tsakaninta da teku, ko kifinsa ba ta ci, ta ce, "Mi kac ce?"

"Ruwan famfonki, ya ummi. Daga nan yake."

"To Allah ya isa tsakanina da ku, da ba ku hwaɗa mini ba," in ji ta. Karo na farko ke nan da na yi dariya a gabanta, na yi maza na mayar da ita tari.

Muka bi gefen ruwa a hankali muka nufi kudu. Ba mu yi nisa ba Zainabu ta dafa kafaɗar ƙaninta ta ce ya tsaya. Wani lungu ne da ruwa ya shigo cikin ƙasa ya kwanta, ba igiyar ruwa, kuma ga su nan: gajerun bishiyoyi masu duhun ganye, tsaye cikin ruwa, saiwoyinsu sun ɓullo sama tsinke-tsinke daga cikin taɓo. Muka fito da Hajiya, Zainabu na riƙe da ita, ta karkata kai tana duba da idon dama.

"Nan na," ta ce. "Wallahi nan na. Nan munka sauka."

Akwai wani ɗan tudu mai farin gishiri a gefe. Ta taka har kansa, ta fuskanci gabas... a'a, in faɗi daidai, Azuz ne ya juya ta zuwa alƙibla, don a nan Makka tana bayanka in kana kallon ruwa. Ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, hawaye na bin kumatunta, Zainabu ma na kuka. Ni kaina idona ya cika. A raina kuma ina jin daɗi, har da ɗan alfahari, wai ga abin da aka shekara sittin da wani abu ana labari mun gama shi kafin hantsi ya yi zafi.

Azuz ne kawai ya yi ɗan gunaguni, ya ce ai Lit da sauran tafiya mai yawa. Hajiya ta ce Babanta ba da taswira ya zo ba. Tun da an riga an kama masauki a Lit, muka ce mu ƙarasa mu kwana, a ci kifi, a yi murna.

Hanyar Lit

Muka hau babban titin da ya bi gaɓa ya nufi Jizan. Dama teku na ɓuya yana fitowa, hagu fili da ƙaya da raƙuma jefi-jefi, can nesa duwatsu. Manyan motocin kaya sun fi yawa a hanyar. Da azahar ta gabato Azuz ya sauka titi ya nufi bakin ruwa don mu shimfiɗa darduma mu yi salla.

Ni na fara ganinsu. Bishiyoyin ne, irin waɗancan sak, sai dai nan sun ninka yawa, sun yi layi har inda ido ya ƙare. Kuma ga raƙuma huɗu ko biyar a cikin ruwa har gwiwa, suna miƙa wuya suna zagar ganye. Ga tudun gishiri, ba ɗaya ba.

Hajiya ta sauke gilashin mota ta daɗe tana kallo. Can ta ce, a hankali, "Zainabu, raƙumma nika gani?"

"Su ne, ummi."

"Can da munka tsaya babu raƙumma."

"Babu."

Muka yi salla. Ta sake addu'a a nan ma, amma gajeruwa, ba kuka. Da muka ci gaba muka sake wuce wani lungun mai bishiyoyi, muka sake wuce wani. Azuz ya daina rage gudu. Wani makiyayi ɗan Sudan da muka tsaya tambaya ya ce sunan bishiyar shura, kuma haka take a gaɓar nan har Yaman, haka take a tsallake a ƙasarsu. Ya dube mu yana mamakin manyan mutane da ba su san shura ba. Alamar da Hajiya ta riƙe tsawon ranta, mu kuma muka taya ta riƙewa, ashe a nan ita ce sabara.

Lit

Muka shiga Lit da la'asar sakaliya. Gari ne madaidaici, mai tsabta, warin kifi da danshi ko'ina. Masaukinmu shaƙƙa ce mai ɗaki biyu da falo, da kayanta, kuɗinta bai kai rabin na irinta a Makka ba. Hajiya ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Ni da Azuz muka tafi kasuwar kifi. A nan kai za ka zaɓi kifinka a kan ƙanƙara, a auna, ka miƙa wa masu suya a gefe. Akwai najil ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, shi ne mai tsada. Akwai hamur, akwai harid mai baki irin na aku da launi kamar an rina shi. Jatan lande kuwa a garin nan ba a maganarsa. Muka haɗa da shinkafar sayadiyya, wadda ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, ko da yake a kan matakalar bene na ci. Hajiya dambun namanta da ta taho da shi daga gida ta ɗan taɓa, ta ture.

Mai suyar ne ya ji Azuz yana ba ni labarin damuwarsa, rabi Hausa rabi Larabci, ya ce mu nemi Ammu Salim, wani dattijon masunci da ke fita da baƙi a jirginsa. Muka same shi a bakin tasha kafin magariba yana gyaran koma, siriri, baƙi kamar ni, gemu fari. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse mu ba. Ya ce, "Ta ruwa ta zo, ta ruwa ta fara ganin wurin. Ku kawo ta gobe da safe ta duba daga ruwa. Ban yi muku alkawarin komai ba."

Na ɗauka Hajiya za ta ƙi. Da Zainabu ta faɗa mata sai ta tashi zaune ta ce, "In shiga. Abin da ya ci Inna ba ruwa ba na, kwana ya ƙare."

Cikin ruwa

Da sassafe masu gadin gaɓa suka duba takardunmu, aka ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Jirgin Ammu Salim fari ne mai inji, da rumfa. Zainabu ta riga ta shiga ta miƙo hannu, Azuz na riƙe da igiya, jirgi na rawa, Hajiya ta tsaya a bakin dakali ta kasa ɗaga ƙafa. Ba kowa kusa sai ni. Na yi tsuru-tsuru. Ba ta ko dube ni ba ta miƙo hannu ta ce, "Malam, kama ni. Kunya ta jira mu bisa tudu." Na kama. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

Ba mu yi nisa ba jarumin namu Azuz ya kwanta a ƙasan jirgi yana mayar da shayin safe. Na ce masa, "Saki jiki, bahar ba ya cizo." Ya ɗaga mini yatsa kawai, ba baki.

Ammu Salim ya ce iska ba ta tashi ba tukuna, bari ya fara kai mu wani tsibiri kusa mu gani, kada a ce mun zo Lit mun koma da baƙin ciki kaɗai. A hanya wasu manyan halittu masu santsin baya suka ɓullo gefen jirgi, suna tsalle suna nutsewa, suna huci ta wata ƙofa a tsakar kansu. Ya ce abu salama ke nan, ba kifi ba ne, shayar da 'ya'yansu suke yi, kuma masunta ba sa taɓa su. Kusa da tsibirin ruwan ya yi haske har kana ganin ƙasa: murjani reshe-reshe, wani ja wani rawaya, kifaye masu zane suna shiga suna fita. Wata ƙatuwar kififiya, faɗinta ya kai faifai uku, ta ɗago kai ta sheƙi iska ta koma. Tsibirin kansa farin yashi ne zalla mai laushin gari, ba kowa sai tsuntsaye, da wani shaho mai cin kifi da ya tara ƙirare ya yi sheƙa a ƙasa. Zainabu tana ta kwatanta wa mahaifiyarta abin da idonta bai kai ba. Hajiya na cewa "Ikon Allah," amma fuskarta na wajen gaɓa.

Daga nan muka juyo muka bi bakin ƙasa a hankali, lungu bayan lungu. A wani muka tarar da garken dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda, ƙafafu kamar kara, sun sunkuyar da kai cikin ruwa. A kowane lungu Ammu Salim zai rage inji, Hajiya ta karkata kai ta duba, ta duba, ta girgiza kai. Wani wurin ta ce ya yi kama, sai kuma na gaba ma ya yi kama. Rana ta take. Daga bisani ta ce a gaya masa ya kashe injin.

Shiru ya sauka, sai ruwa na dukan cikin jirgi. Ta ce wa Zainabu, "Tambaye shi, shi da ya tsuhwa nan, bai taɓa jin inda anka ruhe wata mace baƙa ba, mai ɗiya ƙarama?"

Ammu Salim ya juya ga Zainabu. Ya ce, "Ki gaya wa hajja, kakana ya ba ni labarin mutanenku. Masu sambuk ba sa kai su tasha, tsoron hukuma suke yi. Duk lungun da suka samu nan suke zube su, su ce Makka na bayan dutsen can. Wasu ƙishirwa, wasu ciwo. Ba lungu ɗaya ba ne, ya hajja. Daga nan har garin Gunfuda can kudu, da wuya a sami wanda ba naku a kwance. Ba a sa alama, kuma yashi tafiya yake yi."

Zainabu ta fassara. Hajiya ta ce, "To wa ka yi musu addu'a?"

Ya ce, "Kakana in ya zo wucewa ta wuraren nan yakan yi sallama. Babana ma haka. Ni ma ina yi, ban san wa nake yi wa ba."

Hajiya ta juya ta fuskanci bishiyoyin, ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen maƙabarta, da ƙarfi, muka amsa da amin. Sannan ta ce a mayar da ita tudu.

Da yamma, don kada a zauna a ɗaki ana kallon juna, Azuz ya kai mu Ainul Harra, wani marmaro mai zafi a gindin duwatsu gabas da gari. Ruwan na fitowa yana tururi, wasu har ƙwai suke dafawa a bakinsa, an kuma yi wuraren da ya huce inda masu ciwon gwiwa ke tsoma ƙafa, maza daban mata daban. A hanyar dawowa Zainabu ta ce ko gobe mu ƙarasa Gunfuda, wataƙila a dace.

"A'a," in ji Hajiya. "Ko Yaman munka kai, abin da munka gani shi za mu gani. Ku maishe ni gida."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ta fito da abu ɗaya a hannu, mun taya ta ta zubar da shi, za mu mayar da ita da ido ɗaya da ya rage kwana kaɗan.

Komawa

Bayan asuba muka kama hanyar Makka, mota shiru, ko rediyo Azuz bai kunna ba. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya sai muka iso wani babban masallaci a gefen titi, da shaguna, da manyan motocin safa na mutanen kudu a jere. Gilashinmu a sauke yake. Wata safa ta taso ta gifta mu, cike da maza cikin fararen mayafai, suna ɗaga murya da Labbaika.

Hajiya ta ɗago. "Ina ne nan?"

"Yalamlam, ya ummi. Miƙatin mutanen Yaman."

"Tsaya."

Ya gangara ya tsaya. Hajiya ta fara magana kamar da kanta take. Ta ce bayan sun bar gaɓa sun yi kwanaki suna tafiya, ita da Babanta da sauran mutanen jirgi, har suka iso wani kwari mai rijiya. Nan mazan suka yi wanka suka ɗaura fararen ƙyallaye. Babanta ya buɗe ƙunshin Inna ya ga farin zanen da ta ɗinka tun a Sudan don wannan rana, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ta ce ba ta taɓa sanin sunan kwarin ba.

"Zan ɗauki harami," ta ce. "Na Inna."

Zainabu ta ce, "Ummi, ai kin yi mata Hajji. Umra kuwa ba ta ƙirguwa."

"Na yi. Daga masallacin Tan'im nika ɗauko mata, nan ƙohwar gida, in hau mota in dawo. Ita ba can tat tsaya ba. Ta hanyar ga za ta bi, ba ta kawo nan ba. Yau ni na hito daga inda take, ko ban gane wurin ba na biyo ta gabansa. Daga nan zan ɗauka mata."

Mu mutanen Makka da muka fito da darduma da filas, ba mai harami a jaka. Ni da Azuz muka shiga shago muka sayi namu kamar baƙin da suka sauka yau, mai shagon yana ta yi mana kwatancen yadda ake ɗaurawa, muka bar shi ya gama. Muka yi wanka muka wanke ƙarnin kifi, Azuz ya nema mana izinin Umra ta waya. Da muka dawo mota Hajiya na zaune, ta canza zuwa farin hijabi. Ta ɗaga murya ta yi niyya, ta ambaci sunan mahaifiyarta, Hawwa'u 'yar Abdu. Zainabu ta ce mini daga baya, tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan daga bakin Hajiya ba, kullum Inna ce.

Daga Yalamlam zuwa Makka ya ɗan haura kilomita ɗari. Hajiya ba ta yanke talbiyya ba. In muryarta ta dushe ta kurɓi ruwa ta ci gaba. A shingen shiga gari askari ya ga fararen kaya ya ce Allah ya karɓa. Muka ajiye mota muka shiga Harami bayan azahar. Azuz ya kawo keken turawa, ta ce a ɗawafi ba za ta hau ba. Da ƙafarta ta yi shi, Zainabu a dama, ni a hagu ina tare mata turereniya, muna tafe muna hutawa. A Safa da Marwa ne gwiwa ta ƙi, ta yarda ta zauna, ni da Azuz muka yi ta karɓa-karɓa. Da aka gama Zainabu ta sa almakashi a ƙarƙashin hijabi ta rage mata gashi.

Muka iso Hindawiyya ana shirin kiran magariba, ni da Azuz da sabon aski, kowa ƙafa ta kumbura. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Ammu Salim, wanda da ƙyar ya yarda ya karɓi ko na mai, da Azuz, da na yafe masa rabin tsokanar da ya yi mini. Ku kuma na gida, in a danginku akwai wanda ya tafi Hajji a ƙasa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ku sa mutanen gaɓar nan a addu'a.

Muna fito da Hajiya daga mota sai ga maƙwabciyarta Hajiya Kaltume, wadda ita ma ta Chadi iyayenta suka biyo, ta fito da sauri tana gyara mayafi.

"Sannunku da hanya! Yaya, an dace? Kun gane wurin?"

Hajiya ta dafa ƙofar mota ta miƙe tsaye.

"Ba mu gane shi ba, Kaltume," ta ce. "Amma na ƙaraso da ita."